Littafin Bashin Baba da Furojek Ɗina

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan Arewa da ke karatu a nan Gabas, da waɗanda ke gida suna fama da furojek. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wanda yake sashen kasuwanci, ko akanta, ko tattalin arziki, don Allah ya daure ya kai ƙarshe.

Wata huɗu da suka wuce na kai wa sufabaizata tofik uku na digiri na biyu. Duk irin waɗanda kuka sani ne: tasirin ƙarfafa gwiwar ma'aikata a banki kaza, tasirin horar da ma'aikata a kamfani kaza, tasirin bashin ƙananan bankuna ga masu ƙananan sana'o'i. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce ta gaji da ganin waɗannan, sunan banki kawai ake canzawa. Sai ta tambaye ni ina nake zaune. Na ce Obiagu. Ta ce, "Mutanenku suna kawo shanu da albasa garin nan tun kafin a haifi mahaifina. Wa yake ba su jari? Idan mahauci ya ci bashinsu wa yake biya? Yaran da ke musu aiki, yaya ake ɗaukarsu, yaya ake sallamarsu? Ka sani?"

Wallahi shiru na yi. Shekara biyu ina cin abinci a rumfar mutanen nan, ina sallar Juma'a da su a Owerri Road, ban taɓa kallonsu a matsayin abin nazari ba. Daga ranar na koma laburare, na kuma koma kan benci wajen dattawa. Abin da na tattaro ke nan nake so in raba da ku.

Mu fara da yadda aka yi muka zo.

Kafin jirgin ƙasa, hanyoyi biyu ne manya. Ta farko kogin Kwara: Nufawa da Hausawa da Igala suna gangarowa ta Lokoja da Idah har Onitsha. Ta biyu ta tudu, ta ƙasar Igala da Idoma zuwa yankin Nsukka, inda ake kawo dawakai, domin a wasu garuruwan yankin doki yana da matsayi a bikin ɗaukar sarauta da na binne manya. Akwai kuma maharba giwa Hausawa da suka zauna a Elele, kusa da Fatakwal ta yau, tun ƙarshen ƙarni na 19, saboda cinikin haure. Farfesa Egodi Uchendu ta Jami'ar Nsukka ta bi diddigin waɗannan zuwan na farko a littafinta na 2011 kan shigowar Musulunci ƙasar Ibo.

Abin da ya sauya komai shi ne kwal. A 1909 Turawa suka gano shi a tsaunukan Udi. Don su fitar da shi zuwa teku suka kafa Fatakwal, suka shimfiɗa layin dogo daga can zuwa Inugu, aka gama a 1916. Daga nan layin ya ci gaba arewa ta Makurɗi da Kafanchan, ya haɗu da na Kaduna a ƙarshen shekarun 1920. Da farko jirgin ruwa ne yake tsallakar da taragu a kogin Binuwai, sai a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi. Saniyar da a da sai an kora ta da ƙafa makonni, tana ramewa a hanya, yanzu ana loda ta a tarago. Umuahia ta zama babbar kara ta Gabas. Leburorin kwal da ma'aikatan reluwe da na gwamnati masu albashi ne, masu albashi kuwa suna son nama. Inda duk falke ya sauka da kaya sai ya nemi masauki da masallaci da mai dafa masa tuwo. Haka unguwanninmu suka tsiro, waɗanda 'yan gari ke kira Ama Hausa ko Ogbe Hausa, a Owerri, Aba, Abakaliki, Onitsha, da nan Inugu.

Kuma kada ku zaci zaman raɓe kawai aka yi. Da Inugu ta samu matsayin birni mai magajin gari a 1956, mutumin farko da ya hau kujerar shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ɗan jam'iyyar NCNC ta Azikiwe. Sana'arsa? Cinikin shanu. Kara ce ta kawo shi garin nan.

To, ga inda darasinmu na kasuwanci yake. Kowane ciniki mai nisa yana da matsaloli, kuma na shanu ya fi kowanne. Shanunmu na Arewa ba sa jure ƙudan tsando na kurmi. Da zarar sun sauka, kwanakinsu ƙidayayyu ne, dole a sayar da sauri. Mahaucin da zai saya kuma ba shi da kuɗin biya nan take, sai ya yanka ya sayar. Ke nan dole a ba shi bashi. Amma falken baƙo ne, bai san mahaucin ba, ba ya jin yarensa, ba zai iya kai shi kotu ba, kuma yana so ya koma gida ya sake lodi. Ta yaya za ka miƙa dukiyarka ga wanda ba ka sani ba a garin da ba naka ba?

Amsar da kakanninmu suka samo ita ce fatoma, wato maigidan da ke zaune a zango. Shi zai sauki falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi. Yana da dillalai a ƙarƙashinsa waɗanda suka san kowane mahauci: wa yake biya, wa yake ja, wa ya yi aure kwanan nan kuɗinsa suka ƙare. Dillali ya haɗa ciniki, a ba mahauci saniya zuwa mako biyu ko uku, a ɗauki la'ada. Idan mahauci ya gudu, fatoma ne zai biya falke daga aljihunsa, domin in bai biya ba labari zai kai Arewa kafin shi, kuma ba wanda zai ƙara sauka gidansa. Mahaucin da ya ci amana kuwa, duk karar za ta rufe masa ƙofa.

Ku dubi abin da kyau. A aji ana koya mana mai tsaya wa mai cin bashi, da hukumar tantance masu cin bashi, da inshora, da wakilin ciniki, kowanne da babinsa da jarrabawarsa. Fatoma shi kaɗai yake ɗauke da su huɗun, jarinsa kuma sunansa ne.

Wanda ya fara rubuta wannan dalla-dalla Bature ne, Abner Cohen. Ya zauna a Sabo ta Ibadan a 1962 zuwa 1963, ya fitar da maƙala a 1965 kan yadda bashi yake tafiya a karar Ibadan, sannan littafi a 1969. Ya nuna ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a can, galibi bashi, babu takardar yarjejeniya, babu banki, babu lauya. Polly Hill ta yi irin wannan nazari a kan masu masauki da dillalai a Kumasi. Paul Lovejoy ya rubuta tarihin fataucin goro a 1980, inda ya bi Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a hanyar Gwanja, da yadda ayari yake da madugu da jagaba da uban dawaki, kowa da aikinsa. Namu kuma, marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ya fitar da littafinsa kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978. Ku lura, dukkansu masana tarihi ne ko masana halayyar al'umma. Mu 'yan sashen kasuwanci, da ya kamata abin ya fi damunmu, muna can muna raba takardar tambayoyi a bankuna.

Kuma wannan tsari ne ya haifi manyan da muke alfahari da su. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga gidan Agalawa ya fito, a fataucin goro ya koyi ciniki kafin gyaɗa ta zo bayan jirgi ya iso Kano a 1911. Ya rasu a 1955. Aliko Dangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Muna kawo Dangote a misali a kowane aji na koyon kafa sana'a, amma ba ma komawa mu tambayi makarantar da ta yaye kakansa.

Yanzu bari in ba ku labarin benci.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, ba zan faɗi sunansa ba, ya haura saba'in, ya zo Inugu yana saurayi bayan yaƙi. Ya yi yaron kara, ya yi dillanci, ya sauki fatake, yanzu 'ya'yansa ne ke fita kasuwa. Ranar farko na je masa da takardar tambayoyi irin tamu, mai "na yarda sosai, na yarda, ban yarda ba". Ya saurara har na gama, ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, wannan ai tambayar 'yan sanda ce. Ajiye takarda ka sha shayi."

Sai a zuwa na huɗu ya aiki jikansa ya ɗauko wata jaka. A ciki akwai littattafan makaranta irin masu layi, sun yi ja don tsufa, an cika su da ajami. Kowane shafi sunan mahauci, yawancinsu Ibo, wasu da laƙabin da shi ya sa musu, sai adadin shanu, sai ranar alkawari. Wanda ya biya an ja layi a kai. Na ce, "Baba, waɗanda ba a ja wa layi ba fa?" Ya ce, "Waɗannan ni na biya." Na ce ba a kai su ƙara ba? Ya ce, "Wani mutuwa ya yi, wani gobara ce ta cinye shi. Wanda ya ci da gangan kuwa, ba sai na kai shi ko'ina ba, shi da kara har abada." Sannan ya nuna mini wani suna ya ce mutumin ya yi shekara ashirin yana ɗaukar shanu a hannunsa bai taɓa saɓa rana ba, kuma da aka yi wani tashin hankali a gidansa ya ɓoye shi da iyalinsa kwana uku.

Abin da na riƙe a hannuna ran nan bayanan bashi ne na shekaru masu yawa: nawa aka bayar, nawa ya dawo, a wane wata aka fi saɓa alkawari, me ya faru lokacin da Naira ta faɗi bayan 1986. Irin abin da mai bincike a fannin kuɗi zai yi tafiya mai nisa ya nema. Jikan da ya ɗauko jakar ba ya karanta ajami. Baba ya ce in ya mutu ya san takardar ƙosai za a yi da su. Dariya ya yi da ya faɗa, ni ban iya dariyar ba.

Kada ku ce ina kambama abin namu. Yana da ramuka, kuma ramukan su ne ainihin abin bincike.

Na farko, maganar yara. Maƙwabtanmu Ibo suna da tsarin da suke kira igba boi: yaro ya zauna da ubangidansa shekarun da aka yanka tun farko a gaban iyaye, galibi biyar zuwa bakwai, in ya cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Kasuwar Onitsha da ta Nnewi a kan wannan suka ginu. Ɗalibansu sun rubuta furojek a kai ba adadi, har mujallar kasuwanci ta Harvard ta buga maƙala a kansa a 2021, wadda Ndubuisi Ekekwe ya rubuta. Mu ma muna da yaron gida da maigida. Maigida ya ciyar da kai, ya yi maka aure, wani ma ya kai ka Makka, wata rana ya ba ka jari. Amma yaushe? Ba a yanka rana. Sai ka ga mutum da furfura ana ce masa yaron Alhaji. Wani maigidan mai tsoron Allah ne ya yaye goma, wani ya mutu bai yaye ko ɗaya ba. Wannan tambaya ce ta kula da ma'aikata tsantsa: wane tsari ne ya fi fitar da sababbin masu jari, kuma me ya sa?

Na biyu, gado. Tunda jarin fatoma sunansa ne, ranar da ya rasu rabin kasuwancin ya bi shi kabari. Sauran a raba wa magada kamar yadda shari'a ta ce, gida ya watse, kowa ya kama gabansa. Raba gado wajibi ne, ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce ba mu koyi yadda magada za su riƙe rabonsu a matsayin hannun jari kasuwanci ya ci gaba da tafiya ba. Gidaje nawa kuka sani da suka kai jikoki suna ciniki ɗaya da suna ɗaya? 'Yan kaɗan ne, shi ya sa kullum gidan Dantata muke ambata.

Na uku, haɗari. Wannan ciniki yana tafiya ne a kan zaman lafiya tsakanin al'ummu biyu, kuma tarihi ya sha gwada shi. A 1966 aka kashe dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa, a nan ma aka taɓa 'yan Arewa, sannan gwamnatin yankin ta ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya fita. Unguwanninmu suka zama kango, yaƙi ya ci daga 1967 zuwa Janairun 1970. Duk bashin da ke tsakanin mutane ya tsaya cak. Amma bayan yaƙi fatake suka dawo, Ibo ma suka koma Sabon Gari, ciniki ya sake ɗinkewa. A Fabrairun 2006 rikicin Maiduguri ya jawo ramuwa a Onitsha. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu na kusan mako guda. Kun tuna abin da ya faru: tumatir da nama suka yi tsada a nan, a gida kuma tumatir ya rasa mai saye yana ruɓewa a hannun manomi. Kowa ya ji a jikinsa. A Agustan 2021 kuma aka fara zaman gida na ranar Litinin, wanda duk mai lodin kayan gwari daga Kano ko albasa daga Aliero sai da ya riƙa sa shi a lissafin ranar tashi. Yaya ɗan kasuwa yake raba dukiyarsa don kada rana ɗaya ta cinye shi? Nawa yake bari a nan, nawa yake turawa gida? Me ya sa da yawa ba sa gina gida a inda suka yi shekara arba'in? Mu da muke zaune a nan mun san amsar a zuci. Ba mu rubuta ta ba ne kawai.

Na huɗu, zamani. Tirela ta karɓi aikin jirgin ƙasa, manyan kara yanzu su ne irin Lokpanta a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal da Ugwuoba a hanyar Onitsha. Falke a Potiskum ko Maigatari yana iya ganin farashi ta waya, ya karɓi kuɗinsa ta turawa a banki kafin direba ya juyo da lodin manja. To fatoma yana nan da amfaninsa ko wayar ta ci rabin aikinsa? Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, da tsabar kuɗi ta ɓace, ciniki a kara da bashi da amana ya ci gaba da numfashi. Ga 'yan canji na Owerri Road, da yadda suke hulɗa da 'yan'uwansu na Wapa a Kano. Ga adashin mata masu abinci. Ga tambayar me ya sa, bayan bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, har yanzu ɗan kara ya fi yarda ya karɓi jari a hannun maigidansa a raba riba. Kowace ɗaya a nan furojek ce cikakkiya.

Na san abin da wasu za su ce: tofik irin wannan wahala ne, babu kayan da za a kwafa a intanet, sufabaiza zai ce ina alƙaluma. Gaskiya ne akwai wahala. Wancan tofik na banki cikin wata biyu za ka haɗa shi, kowa ya san yadda ake yi, har da masu sayar da shi a shagunan buga takardu. Amma bayan an ba ka digiri, wa zai sake buɗe shi? Kai kanka ba za ka buɗe ba. Alƙaluma kuwa suna nan, a littattafan ajami, a rasiɗin ƙungiyoyin kasuwa, a kan dattawan da suka haddace farashin sa tun zamanin fam da sule. Kuma muna da abin da Cohen bai da shi: yarenmu ne, iyayenmu ne, ba ma bukatar tafinta.

Ga 'yar shawara ga wanda zai shiga. Fara da gaisuwa wajen Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa, kada ka faɗa wa mutane kai tsaye. Kada ka fito da takarda a zuwan farko. Kada ka tambayi mutum nawa yake da shi, tambaye shi yadda ake yi, adadin zai biyo baya da kansa. Ka ji ta bakin mahauta da 'yan gari su ma, domin bashi mutum biyu ne suke yinsa. Mafi muhimmanci, ka ɓoye sunaye da adadin dukiyar mutane a rubutunka. Halin tsaron da ake ciki kun san shi, kada furojek ɗinka ya zama taswirar masu garkuwa. Amana aka ba ka.

Ni dai an amince da tofik ɗina: yadda bashi da lamuni suke tafiya tsakanin fatake da mahauta a karar shanu ta yankin Inugu. Baba ya yarda in ɗauki hoton littattafansa bisa sharaɗin in sauya sunaye, kuma in koya wa jikansa karanta ajami. Mun fara, duk Asabar bayan la'asar. Yaron har ya iya gane sunan kakansa.

Wanda yake da kaka ko kawu da ya yi fatauci a Onitsha, Fatakwal, Aba, Kumasi ko Duala, hutun nan in ka je gida ka zauna da shi, ka kunna rikoda a wayarka da izininsa. Ko ba don furojek ba. Mutanen nan tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama karatun nan lafiya. Masu difens a wannan zangon, Allah Ya ba da sa'a.